Remain in Light: wane bugu ya kamata ka sa kuɗinka a kai?

Wanda kunnensa ya saba da kiɗan Fela Kuti ba zai ji baƙunta ba ranar da ya fara sa Remain in Light, faifai na huɗu na ƙungiyar Talking Heads ta birnin New York, wanda kamfanin Sire ya fitar a watan Oktoban 1980. Su huɗu ne, David Byrne da Tina Weymouth da Chris Frantz da Jerry Harrison, sai Brian Eno ɗan Ingila da ya tsaya a kan haɗa sautin. Eno ne ya kunna musu faifan Fela mai suna Afrodisiac, abin ya shiga ransu ya ƙi fita.

Kafin a zo maganar saye, sai an san yadda aka yi shi, domin a nan zaɓin ya rataya. A ɗakin ɗaukar sauti na Compass Point da ke Nassau, a tsibiran Bahamas, ba su shiga da rubutattun waƙoƙi ba. Kiɗa suka yi ta yi kara zube, in wani ɗan yanki ya yi daɗi sai su riƙe shi su yi ta maimaitawa da hannu, a ɗora wani a kansa, a ƙara wani. Baitoci sai daga baya a New York, inda Byrne ya kwaikwayi salon masu wa'azin coci na rediyo a "Once in a Lifetime", Adrian Belew ya zo da jitarsa mai kururuwa, Jon Hassell ya busa ƙaho a "Houses in Motion". Saboda haka kiɗan hawa-hawa ne, kamar zaren saƙa. A ƙaramar sifikar waya rabinsa ɓacewa yake yi, musamman jitar bes ta Weymouth, wadda ita ce ginshiƙin gidan.

Masu tara kayan tarihi idonsu na kan faifan garmaho na asali, bugun 1980. Yana da abin da sauran ba su da shi: an tsara waƙoƙi takwas ɗin ne da fuska biyu a zuciya. Fuskar farko waƙoƙi uku ne masu gudu, ba numfashi, sai ka tashi ka juya faifan, kiɗan ya riƙa lafawa har ya ƙare a "The Overload" mai nauyi da duhu. Ga kuma bangon a cikakken girmansa, fuskokin 'yan ƙungiyar huɗu da aka shafe da ja ta hanyar kwamfutar jami'ar MIT, a zamanin da hakan sabon abu ne. Amma fa tsohon faifai sai an duba. Ka nemi hoton fuskokin faifan biyu a haske kafin ka biya, ka tambaya ko allura na tsalle. Sannan mu da ke ƙasar zafi mu tuna roba ce: kwana ɗaya a bayan mota a watan Afrilu ya isa ya lanƙwashe shi. In dai sauraro kake so ba ajiya ba, sabon bugun garmaho na kamfanin Rhino ya fi kwanciyar hankali.

Ni dai bugun CD da aka sake gyarawa nake ba mutane shawara, wanda ya fara fitowa a 2005 cikin akwatin duk faya-fayan da ƙungiyar ta yi a ɗakin ɗaukar sauti, aka kuma sayar da shi daban a 2006. Dalilina ba tsabtar sauti kaɗai ba ce. An ƙara masa guntaye huɗu da ba a kammala ba, ɗaya sunansa "Fela's Riff". Sunan kaɗai ya kashe musu a kan inda aka ɗebo ruwan. Akwai kuma "Right Start", inda za ka ji ƙashin "Once in a Lifetime" tun ba a sa masa tsoka ba. Ga mai son sanin yadda aka gina faifan, waɗannan guntaye sun fi dogon bayani.

Sai dai a kula, bugun kala biyu ne. Na Amurka DualDisc ne, faifai ɗaya mai CD a gefe, DVD a ɗaya gefen, ya fi na kullum kauri, wasu na'urori ba sa karɓarsa. Na Turai faifai biyu ne daban, CD da DVD, shi ya fi aminci. A DVD ɗin akwai haɗin sauti na 5.1 da Harrison ya sa hannu a kai, wanda ke rarraba muryoyin "The Great Curve" su kewaye ka ta ko'ina. Abin sha'awa ne, amma in ba ka da sifiku biyar da ta ƙasa, kada ka ƙara ko sisi dominsa.

Spotify ko Apple Music kuwa su ne hanyar ɗanɗanawa. Minti arba'in ne, datar ba za ta kai ka ƙasa ba. Ka sa abin kunne mai kyau, ka ji sau biyu kafin ka yanke ko ka ci gaba.

Akwai wani Remain in Light ɗin da mai saye kan iya cin karo da shi ya rikice: na Angélique Kidjo 'yar Jamhuriyar Benin, na 2018. Waƙoƙin nan takwas ta sake rerawa gaba ɗaya, kuma Tony Allen, makaɗin gangunan Fela, na cikin waɗanda suka yi mata kiɗa. Ba ya maye gurbin na farko, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa cikin sautukan da ake adanawa a 2017. Amma in kuɗinka ya kai biyu, haɗa shi da CD na 2006, ka fara da "Fela's Riff" sannan ka sa nata "Crosseyed and Painless".