Mun karanta littafin yarinyar da ke son zama 'yar fashin teku

Ƙanwata ce ta kawo wa 'yata shi tsaraba daga Legas, ɗan ƙaramin littafin Turanci mai hotuna. Labarin wata yarinya ce da aka gaya wa jirgin ruwa ba wurin mace ba ne, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu, ta ɓuya a ganga har aka loda ta cikin jirgin 'yan fashi. Dare huɗu muka yi a kansa bayan isha'i, ina karantawa ina mayar mata da Hausa.

Wurin mayarwar ne na sha wuya. Ga yaran Turawa fashin teku abin wasa ne: hula mai kusurwa uku, aku a kafaɗa, taswirar dukiya. Ni kuwa da na ce "'yar fashin teku" sai ta ɗago kai.

"Umma, irin masu tare hanya?"

Shekararta takwas, amma rediyon gidan nan ba ya mutuwa. Na yi ta kame-kame. Marubucin ko sau ɗaya bai nuna wanda aka ƙwace wa kaya ba, zinariyar kullum tana binne a tsibiri kamar ba ta da mai ita. Wannan ne babban ƙorafina.

Ban da haka labarin ya yi daɗi. Yarinyar ba ta taɓa zare takobi ba, da iya ƙulla igiya da sanin taurari ta ceci jirgin daga guguwa. Kukun jirgin, mai ƙona komai har ruwan zafi, ya sa mu dariya har maigida ya leƙo. Sunayen sassan jirgi dai sun yi wa yaro yawa, kuma bangon ya fara ɓallewa tun dare na uku.

'Yata ta tambaye ni ko an taɓa yin mata a wannan harka. An yi. Na ba ta labarin Anne Bonny da Mary Read da aka kama kusa da Jamaika a 1720, aka yanke musu hukuncin rataya, aka jinkirta saboda sun ce suna da juna biyu. Ta fi son Sayyida al-Hurra, wadda ta mulki birnin Tetuwan na Maroko a ƙarni na 16, tana tare jiragen Sifaniya da Fotugal.

Idan za ku saya, ya dace da 'yan shekara 7 zuwa 10, amma babba ya zauna kusa don tambayoyi. Tawa ba ta taɓa ganin teku ba. Jiya na tarar ta ɗaura zanina a sandar tsintsiya, tabarma ta zama jirgi, ƙaninta na jan ruwa da muciya.