Ƙotar shebur da gatari a jikin tankar 1/35: akirilik ko fentin mai?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Makka ya ce ya haɗa Tiger I ta kamfanin Tamiya, wato ƙaramin samfurin tankar yaƙin Jamus da aka rage girmanta sau 35 (1/35), amma ƙotocin shebur, gatari da guduma sun fito masa fes kamar roba. Tambayarsa ita ce wanne ya fi fitar da kamannin icce, akirilik ko fentin mai irin na masu zane.

Ɗan'uwa, fara duba girman abin da ke gabanka. Ƙotar da kaurinta ya kai santimita 3 da rabi a zahiri, in aka rage ta sau 35, milimita 1 ce kacal. Mai tsawon mita guda kuwa ba ta cika santimita 3 ba. A wannan ƙanƙanta ido ba ya ganin jijiyar icce ɗaya-ɗaya. Abin da yake kamawa shi ne launin da bai zama bai ɗaya ba: haske a tsakiya, duhu kusa da ƙarfe da wajen maɗauri, kamar ƙotar fartanyar da ta sha hannu da gumi.

Akirilik, wato fenti mai saurin bushewa da ake iya tsinkawa da ruwa, aikin zama ɗaya ne. Ka shimfiɗa fenti mai haske, Vallejo 311 New Wood ko Tamiya XF-59, ya bushe, sannan ka tsinka launin ƙasa mai duhu ka ja 'yan siraran layuka a tsaye da buroshi mai lamba 0. A ƙarshe ka bi da Tamiya X-26 (launin lemo ne da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa) tsinkakke, zai ba shi ɗan sheƙin iccen da aka shafa wa mai. Ba wari mai ƙarfi, kuma kana iya gamawa tsakanin Magariba da Isha'i. Matsalarsa ita ce iskarmu. Da zafin Makka da na'urar sanyaya ɗaki, fentin kan bushe a bakin buroshi tun kafin ya taɓa ƙotar, layin ya fito da kauri, kuma inda ya faɗi nan ya zauna. Jiƙa soso a murfin roba, ka ɗora takardar gasa kek a kai, ka zuba fentin a nan, zai ɗan jira ka. Duk da haka sai mai tsayayyen hannu.

Fentin mai shi ma a kan akirilik yake hawa, don haka shimfiɗar farko iri ɗaya ce, sai dai a bar ta ta kwana. Nemi Burnt Umber ko Burnt Sienna, launukan ƙasa ne masu duhu; ana samun na kamfanin Winsor & Newton a kantin Jarir, kuma ƙaramin bututu ɗaya zai yi maka shekaru. Matsa ɗan ɗigo a kan kwali ka bar shi kamar rabin awa, za ka ga da'irar maiƙo ta zagaye shi. Kwalin ne ya tsotse man, shi ya sa zai fi saurin bushewa kuma ba zai yi ƙyalli ba. Shafe ƙotar gaba ɗaya, sannan ka ɗauki busasshen buroshi mai ɗan tauri ka ja daga kai zuwa gindi, ka goge shi a tsumma, ka sake ja. A nan kwashe fenti kake yi, ba zane ba. Hasken ƙasa zai leƙo ta tsakanin sawun gashin buroshin, duhun kuma ya maƙale da kansa a gefen maɗauri. In bai yi maka ba, ɗan tina marar wari zai share shi ba tare da ya taɓa akirilik ɗin ba.

Farashinsa haƙuri ne. Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, iska ce ke daskarar da shi, sai ya ɗauki kwana biyu ko uku, ko da yake Umber na cikin masu sauri saboda sinadarin manganis da ke cikinsa. A tsawon lokacin nan ƙura ce abokiyar gabarka, don haka kifa masa roba mai tsabta, kada ka taɓa.

Ni dai fentin mai nake zaɓa, musamman a doguwar ƙotar shebur da guntun katakon da ake ɗora jak a kai, inda akwai filin da sawun zai fito. Akirilik ya wadatar ga wanda ba ya son warin tina a ɗakin da yara ke kwana.

Tunda ka riga ka manna kayan, zura 'yar takarda a ƙarƙashin kowace ƙota kafin ka fara. Almakashin yankan waya na Jamusawa kuma kada ka yi masa zanen icce, ja-ja mai duhu da santsi ake yi wa mariƙinsa. In gaba ka koma kan Sherman, tankar Amurka, duba hotunan lokacin tukuna, don Amurkawa sun sha fesa wa kayan aikin koren fentin tankar, har ƙotar.