Sandar Okuma da zaren Big Game: bazara biyu a Tafkin Mishigan

Bazara biyu ke nan ina fita Tafkin Mishigan daga gaɓar birnin Milwoki na Amurka a ƙaramin jirgin wani abokin aikina, kuma cikin kayanmu babu abin da ya kwanta min a rai kamar sandar fatsa ta Okuma Classic Pro GLT mai tsawon ƙafa 8 da rabi. Ba ta da tsada, ba ta kuma da wani kyan gani.

Da daunriga ake aiki da ita. Ga wanda bai san daunriga ba: na'ura ce a gefen jirgi mai saukar da ƙwallon dalma, namu laba 12, da wayar ƙarfe. Ana maƙala zaren fatsa a wani ɗan matsi kusa da dalmar, a tafi a hankali, kamar mil 2 da rabi a awa. Kifi na cafka, zaren ya kuɓuce daga matsin, saura kai da shi.

Nan laushin sandar yake amfani. Sai ka ɗame ta ta lanƙwashe kamar baka, ta yini a haka ba ta ce uffan ba. Da zaren ya kuɓuce sai ta miƙe fit, ta kwashe sakin zaren. Ranar da kifin salmon ɗin Chinook na farko ya faɗa min, na ɗauka giwan ruwa ne irin na Yawuri, don yadda ya fizgi zare ya nausa ƙasa. Sandar ce ta riƙa shanye girgizar kansa, ni dai gwiwoyina rawa suke.

Da fari na yi taurin kai na sa kitsattsen zare, wai ya fi ƙarfi. Santsi gare shi, ya yi ta zamewa daga matsin ba kifi ba dalili, ga shi ba ya talewa ko kaɗan. Laifina ne. Na koma nailan na Berkley Trilene Big Game mai laba 20, wato nauyin da yake jurewa kafin ya tsinke, shi ke nan. A Yuli da Agusta kuwa, lokacin da wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu ƙaya ke taruwa a zare kamar jiƙaƙƙiyar auduga, mai laba 30 nake ɗaurawa, don sun fi kama siriri.

Maganar nisan koto daga dalma ita muke ta musu da abokina har yau. Shi ko yaushe nesa yake so. Ni idan mun saukar da dalmar ƙafa 80 ko 100, ƙafa 15 zuwa 20 ta ishe ni, sandar ta fi saurin kwashe sakin, zaruruwa kuma ba sa sarƙewa in mun juya jirgi. Da asuba, kifi na sama a ƙafa 30, ruwa garau, sai na nisanta koton daga dalma har ƙafa 70, saboda ƙarar inji na korar su.

Mai son jifa daga bakin gaɓa kada ya sayi sandar nan, ta yi lagwada da yawa. Na riga na ƙara guda biyu kafin watan Mayu.