Sharhi Kan Gwajin Jini Na Gano Maganin Ciwon Bakkale

Wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa da nake tura marasa lafiya wurinsa a Kano yana yin aikin da ɗakuna da yawa ke gudu, wato renon ƙwayar cuta mai suna Burusela daga jinin mutum (a bar ta ta tsiro a kwalba ko faranti har a iya gane ta), sannan a gwada magungunan da ke iya kashe ta. Wannan ƙwaya ce ke haddasa bakkale, ciwon da ke sa shanu da awaki ɓari, wanda kuma mahauta da makiyaya da masu shan ɗanyar madara ke ɗauka, su yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ana ta ɗura musu maganin taifot.

Wajen reno sun cancanci yabo. Ƙwayar ba ta saurin tsirowa, kuma ba sa gaggawar zubar da kwalbar jinin su rubuta cewa babu komai. Suna kuma buƙatar likita ya rubuta a takarda cewa bakkale yake zargi, domin ma'aikaci na iya shaƙar ƙwayar idan ya buɗe farantin reno a fili.

Inda nake da ja shi ne takardar sakamako. Sukan jero magunguna da harafin S a gaban kowanne, alamar cewa ƙwayar ta ji maganin, ba tare da wani gargaɗi ba. Burusela tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, saboda haka maganin da ya kashe ta a faranti ba lalle ne ya kai gare ta a jikin mutum ba. Maganin sifurofuloksasin, alal misali, yakan yi kyau a takarda, amma idan aka ba da shi shi kaɗai ciwon yakan dawo. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa doksisaikilin da rifamfisin na mako 6, kuma likitoci da dama sun fi son doksisaikilin da allurar sitiraftomaisin domin dawowar ciwon ta fi ƙaranci. Rifamfisin kuwa ginshiƙi ne a maganin tarin fuka, don haka ba a wasa da shi a ƙasarmu.

Kuɗin renon ya biya kansa, amma likita ya kamata a kai wa takardar sakamakon, kada a wuce da ita kemis a sayi abin da aka ga an yi wa alama.