A-kori-kurar 504 ko tsohuwar Hilux: wacce ta fi dacewa da mai gyara da hannunsa?

Malam, tsakanin a-kori-kurar Peugeot 504 da tsohuwar Hilux ta gas ɗin da kake son saya ka riƙa tayar da komaɗarta a gida ranakun hutu, ɗauki 504. Da dakon buhuna za ka yi da ita a hanyar ƙauye tsakiyar damina, da na ce Hilux ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma kai hannunka kake so ya shiga injin, kuma a nan ne motocin biyu suka raba hanya.

Injin fetur na 504, musamman mai lita biyu da ake kira XN1, kusan komai nasa a fili yake. Kafireta ce, kwantak ne a distiribita, sarƙa ce ke juya taimin ba bel ba. Da sifanu daga lamba 8 zuwa 19, da sukudireba, da fila-geji (siraran ƙarafan auna buɗi), da doguwar sifanar fulogi (fulogansa suna can cikin rami mai zurfi, gajera ba ta kaiwa), ka gama rabin aikin da zai taso maka. Buɗin kwantak milimita 0.40 ne, na fulogi 0.6. Bawul kuwa injin a sanye ake saita shi, na shiga 0.10, na fita 0.25. Hanya mai sauƙi ita ce ka juya injin da hannu har bawul ɗin fita na silinda ta 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai ka saita na shiga na 3 da na fita na 4. Idan na fita na 3 ya buɗe, ka yi na shiga na 4 da na fita na 2. Na 4 ya buɗe, shiga na 2 da fita na 1. Na 2 ya buɗe, shiga na 1 da fita na 3. Kada ka matse na fita don ka kashe ƙaf-ƙaf ɗin nan, bawul ɗin da ba ya zama daram a mazauninsa ƙonewa yake yi. Tawa da ke gida, duk lokacin da ta sha wannan saitin, da sanyin safiyar hunturu cok kawai ake ja mata, makulli ɗaya ta tashi, injin yana tafiya sumul kamar keken ɗinki, ka ɗora kofin shayi a kan bonet ba ya zuba.

Wuri ɗaya ne take kama wanda bai san ta ba, kuma a nan nake so ka natsu. Silindojinta silib ne masu cirewa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye, kowanne yana zaune a kan siririn abin toshewa daga ƙasa. Da zarar ka ɗage top, wato kan injin da ke rufe silindoji, babu abin da ke danne su. Ka kuskura ka juya kiranshaf a wannan hali, fistin zai ɗaga silib, mazaunin ya motsa, bayan ka haɗa komai ka tarar ruwa yana gangarawa cikin baƙin mai, ya koma fari-fari mai kauri. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka danne silib ɗin da manyan washa da gajerun kusoshi a ramukan kusoshin top. Shi ma top ɗin kada ka fizge shi sama, ka ɗan karkaɗa shi gefe har ya saki gaskit. Wajen mayarwa, sabon gaskit, ɗauri daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awon ƙarfi, sannan bayan tafiyar kilomita 1,000 ka sake bin ɗaurin ka sake saita bawul. Yawancin gaskit ɗin da ke ƙonewa bayan wata biyu, wannan bin ɗaurin ne aka tsallake.

Top ɗin na alminiyam ne, ruwan rijiya da na burtsatse suna cinye shi daga ciki. Ka wanke lagireto, ka sa ruwan sanyaya inji rabi da rabi da ruwa mai tsafta. Idan ka tarar an cire tamostat, wanda kusan kullum haka ake tararwa, ka mayar da sabo. Baƙin mai 20W-50, wajen lita huɗu, a sauya shi da filta duk kilomita 5,000, a rage idan ƙurar hunturu ta yi yawa.

Maganar kayan gyara ma tana gefenta. Kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna tun 1975, kuma 504 ba ta daina fita daga can ba sai wajajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta bar yin ta. Shi ya sa a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano har yanzu ana samun ƙofa, gilashi, giyabos, aksil, har injin sukutum da aka kwance daga wata motar, kuma ba garin da za ka rasa tsohon bakaniken da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo. Irin waɗannan dattawan idan ka je da ladabi, a kyauta za su nuna maka abin da littafi bai faɗa ba.

Hilux, to, ba wanda zai ce ba ta da ƙarfi. Ta 1988 zuwa 1997 ɗin nan, ko mai injin da ake kira 2L ko wanda ake kira 3L mai lita 2.8, tana jure wahalar da 504 ba za ta jure ba, kuma samfurinta da ake kira LN106 tayoyinta huɗu duka suna ja, alhali 504 na baya ne kawai. Bodinta a ɗaure yake da kusoshi a kan shasi, ana iya ɗage shi a kankare tsatsa a mayar. Na ba ta wannan. Sai dai duba abin da ya rage maka ka yi da hannunka: famfon gas da nozul sai an kai wa mai injin gwaji, bawul ɗin 3L da ƴan faifan ƙarfe masu awo ake saita shi, sai ka nemo kaurin da ya dace, bel ɗin taimin kuma dole a canza shi duk kilomita 100,000 domin idan ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Top ɗinta in ya sha zafi sau ɗaya sosai yana iya tsagewa tsakanin bawul, gas mai gauraye da kananzir kuma yana cinye famfo saboda gas ɗin ne ke zame masa man shafawa. Ga tsada tun daga sayenta, ga ɓarayi sun fi sa mata ido. Mota ce ta aiki, mai ita yakan zama mai biyan kuɗi ne ba mai gyara ba.

Inda 504 ke iya kayar da kai shi ne tsatsa, domin gidan direbanta a like yake da shasi, ba a raba su. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba. Ka soki daɓen ƙafar direba, da ƙasan ƙofofi, da saman da shokazoba na gaba suke ɗaure, da wurin batir, da inda sifirin na baya ke riƙe. Ramin daɓe mai walda zai toshe shi da falle ɗaya. Amma idan mariƙin sifirin ko kan shokazoba ya ruɓe, ko ka ga waldar da aka yi a tsakiyar shasi alamar ta taɓa karyewa da lodi, ka bar ta ko da injin yana waƙa.

Ba ka tambaya ba, amma dillalai sai an yi hattara. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin da hannu. Idan da ɗumi, an tayar da shi ne don kada ka ga hayaƙin farko ko ka ji wahalar tashi. Ka zaro sandar awon mai ka murza a yatsa: in ya yi kauri yana warin man giya, an zuba ne don ɓoye ƙarar metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu. Ka buɗe murfin lagireto injin a sanye, a tayar, ka duba ko kumfa na tasowa. Ka bi bodi da maganaɗisu, duk inda bai kama ba fila, wato ƙullin cike rami, aka cusa aka fesa fenti. Sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Lambar inji da ta shasi su yi daidai da takardu harafi da harafi, in an canza inji a kawo rasit, kuma ka tantance motar a wurin ƴan sanda kafin kuɗi su bar hannunka. A kasuwar kaya ma haka: kwantak da kwandensa da famfon mai na jabu sun yi yawa, sau da yawa tsohon na asali da aka kwance daga wata motar ya fi sabon da ke cikin kwali mai sheƙi.

Idan ta shigo gida, birki ne farko: sabon mai DOT 4, robobin silindojin baya, da duk tiyon da ya tsattsage. Sai ruwa, sai wayoyin da aka yi wa ɗaurin talala da salatif, sai inji. Walda ta biyo baya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa a ranar da aka yi ta. Fentin ado shi ne na ƙarshe, bayan motar ta yi wata biyu ko uku tana yawo babu ɗigon mai ko na ruwa a inda take kwana.