Abincin rana a Tournus: ya cancanci a ratse?

Matafiyin da ya ɗauko babbar hanyar A6 daga Paris zuwa Liyon zai wuce Tournus, ƙaramin gari a bakin kogin Saône, kuma kusa da tsohuwar majami'ar Saint-Philibert na samu wani ɗan gidan abinci irin wanda Faransawa ke kira bistro. Abincin ranar a kan allo ake rubuta shi da alli, kuma wanda ya iso bayan ƙarfe 2 sai dai ya haƙura, domin an rufe kicin.

Kazar Bresse (sunan karkarar da ke gabashin garin) ce abin alfaharinsu, wadda doka ta kare sunanta tun 1957, ana dafa ta cikin kirim har ta yi laushi. Sai dai Musulmi ya yi tambaya kafin ya zauna, domin ba yankan halal ba ne, kuma miyar naman shanun yankin da jar giya da kitsen alade ake yin ta. Ni kifi na zaɓa, da soyayyen dankali, kuma ya yi daɗi ƙwarai. Burodi da ruwan famfo kyauta ne, ladan masu hidima kuma yana cikin farashi.

Mai sa'a biyu a hannu ya ratse. Mai gaggawa ya wuce, don ba sa saurin kawo abinci.