Littafi ko manhaja don gane guntuwar jimla a Turanci?

Ɗan'uwa, tsakanin littafin nahawu mai atisaye da manhajar nan ta biya mai ja maka layi ƙarƙashin kuskure, ni dai littafi zan ce maka, don duka biyun na taɓa zuba musu kuɗina.

Littafina har yanzu yana nan, bangon ya yage na liƙe da salatif, gefen shafukan duk zanen fensir. Shi ya raba ni da ciwon because. Da can sai in rubuta "Because the rain started." in ɗiga aya in yi gaba abina, a ganina ai ga mai aiki ga aikatau to me kuma ya rage, sai wani dare da na ci 3 cikin 10 na juya baya wajen amsoshi, nan na gane ashe because, although, when da if idan suka ja gaba rataye zancen suke yi. Kamar ka ce wa mutum "saboda ruwa ya sauko" ka yi shiru, ai zuba maka ido zai yi yana jiran ƙarashen. Sai ka kawo sauran: "We went inside because the rain started."

Haka ma mai -ing ɗin nan, "The boy running to school." ba jimla ba ce sai an sa mata is ko was. Kuma kar tsayi ya ruɗe ka, "She left." kalma biyu ce amma cikakkiya, "Sit down." ma haka don you na ɓoye a ciki, alhali kana iya jera kalma 20 kuma guntuwa ce. Dabarar da nake yi har yau, in sa "It is true that" a gaba in karanta da ƙarfi, in ta zauna jimla ce, in ta yi lilo guntuwa ce. Banda umarni da tambaya fa, su ba sa shiga wannan gwajin.

Manhajar kuwa, to, tana ja layi ka danna ta gyara, gobe ka sake tafka irinsa. Ga shi na manta ban soke rajista ba suka sake zarar kuɗin wata, har yau abin na min ciwo.

Sai dai ka buɗe ido wajen saye. Akwai masu sayar da littafin jabu, hoto kawai aka yi wa na asali, rubutu dishi-dishi, wani ma shafukan amsa babu su gaba ɗaya, kuma mai shi zai rantse maka na kamfani ne. In ya hana ka ɓare ledar ka duba baya, ajiye masa kayansa. Masu tallar akawun ɗin manhaja da araha su ma ka rabu da su, kwana kaɗan a rufe.

Sayi littafi mai amsoshi a baya, ka haɗa da fensir, shafi ɗaya kullum.